Gado Mai Igiya da Gaba Ukun da Aka Yanke

Shekara arba'in da 'yan kai, duk wanda ya bi ta Angwal Kaba da hantsi, ƙauyen nan da ke tsakanin Kore Mairuwa da Dumega, abu guda zai tarar a gindin gawon da ke bakin hanya. Gado ne zaune bisa buzu, ƙafar dama a miƙe, bakin igiya maƙale a babban yatsanta, tafukan hannu suna murza kaba. Tun da ya fito masallaci da asuba ya jiƙa kabar a tsohon kasko, ya tsattsage ta, ya ware mai kyau, ya jefa wa awaki sauran. Daga nan sai tufka har rana ta take tsaka. Ba ya duban hannunsa in yana aiki. Hanya yake kallo, yana amsa gaisuwa, yana tsokanar duk wanda Allah ya kawo.

Igiyar guga ce sana'arsa. In an matsa masa yakan yi ta ɗaure jaki, amma a wurinsa wannan wasan yara ne. Igiyar da za ta sauka rijiya sau ɗari a yini, ta sha gogar itacen bakin rijiya, ta jiƙe ta bushe ta sake jiƙewa ba ta bar guga a ƙasa ba, ita ce igiya. Bana, shekara bakwai da samun mulkin kai, yatsunsa suka ƙi. Sun sandare, kaba tana zamewa daga tafinsa, ya naɗe buzu ya ce ya gama. Shi ya sa na ɗauki alƙalami yanzu, yana raye yana ji, domin mu mutanen Arewa mun ƙware wajen yabon mutum bayan mun rufe shi da ƙasa.

Gado yana da hali biyu da suka hana matarsa Hasiya sakat. Na farko, rowar kaba. Kowace bazara, lokacin da ruwan rijiya ya fi nisa, yakan ɗaura dutse a zare ya zura har ya ji ya taɓa ruwa, ya auna da gaba, wato faɗin hannu biyu a buɗe, sannan ya tufka wa Hasiya sabuwar igiya daidai wannan tsawo da ɗan abin riƙewa. Ko taƙi ɗaya ba ya ƙarawa. Na biyu, ba ya yar da tsohuwar igiya. Duk wadda ta gama aiki, tasa ce ko ta wanda ya zo sauyi, sai ya naɗe ta ya rataye a zaure, ya ɗaura mata ƙyalle don ya gane shekararta. Gara takan ci mafi tsufa, shi kuma yana ƙara sababbi.

"Malam," in ji Hasiya, "maza na tara hatsi, kai kana tara ma ɓeraye gidan kwana."

"Bar su," in ji shi. "Su ma baƙi na."

Haka suke tun aurensu, ita tana barazanar za ta hura wuta da igiyoyin, shi yana cewa gobe zai duba.

A shekarar da ta biyo bayan mulkin kai aka turo wani ma'aikacin lafiya daga Dogon Dutsi, saurayi mai suna Mahmuda, da kekensa da jakarsa. Kada wani ya ɗauka mugun labari zan bayar a kansa, yaron kirki ne, kuma abin da ya tarar abin tausayi ne. Kurkunu ya addabi garin. Da shuka ta zo, magidanta da yawa suna kwance, tsutsar tana fita daga ƙafa ana naɗe ta a tsinke, gonaki suna jiran masu su. Mahmuda ya zaga, ya duba, ya ce cutar daga tabki take. Akwai wani babban tabki gabas da garin, ɗan sama da rijiya, wanda ke cika da damina ya riƙe ruwa har tsakiyar rani. Mutane suna shiga, suna wanka, suna sha. Shawararsa ita ce a haƙa masa hanya, ruwan da ya sauka ya wuce ƙorama ya tafi abinsa.

Aka yi gayya da kiɗa da guɗa. Lokacin kowa jininsa yana tafasa, ƙasa sabuwa, an ce a tashi a gyara ta. Gado ma yana ciki, shi ya tufka igiyoyin da aka ja kwandunan ƙasa da su, kuma har yau ba ya ɓoye wannan. Damina ta zo, ruwa ya bi hanyar da aka yi masa, tabki ya zama fili. Kurkunu ya ragu ƙwarai. Maigari Ɗan'azumi ya shuka dawa a tsakiyar tsohon tabkin, ta yi kyan da ba a taɓa gani ba, aka yi ta sa wa Mahmuda albarka.

Da bazara ta zagayo Gado ya zura dutsensa. Gaba tara ya saba ji tun yana saurayi, sai ya ji goma. Ya sake zurawa, goma dai. Ya tufka goma, bai gaya wa kowa ba. Shekara ta gaba sha ɗaya. Mata suka fara layi a gindin gawo, kowacce da igiyarta a hannu tana neman ƙari. Wani mai igiyar da murna zai yi, aiki ya samu, amma Gado sai tsokanarsa ta ragu. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne sama ba ta yi rowa ba. Daminu ukun nan duk sun yi albarka, rumbuna sun cika har ana neman inda za a zuba gero, rijiya kuwa tana ta gudu ƙasa.

A bazara ta uku dutsen ya kai gaba goma sha biyu, guga kuma ta fara fitowa da laka. Mata sukan zauna a bakin rijiya tun safe suna jiran ruwa ya tsattsafo. Aka kira masu haƙa su ƙara mata zurfi, suka sauka, suka fito suka ce sun ci karo da dutse. Wasu dattawa suka ce doguwa, aljanar tabki, ita ce ta yi fushi, aka yi mata abin da aka saba yi, ruwa bai ƙaru ba. Maigari ya yanke cewa daga yau dabba ba za ta sha a rijiyar ba, kuma in shekara mai zuwa haka ta kasance, gari zai tashi ya koma kwari. Wannan magana ta tsaya wa Gado a rai. A garin aka binne cibiyarsa da iyayensa, kuma bai ga yadda zai ɗauki gawonsa ya tafi da shi ba.

Hukuncin ya fi faɗawa kan Buba, makiyayin da rugarsu ke bayan gari tun zamanin kakanni. Buba taubashin Gado ne, irin wasan nan na Fulani da Arawa, ba su taɓa haɗuwa ba su zagi juna ba. Ran nan ya zo sallama. Zai kora shanunsa wajen ƙanensa, can gefen Dumega, inda suke da wata rijiya. Ya jefa wa Gado tsohuwar igiyar waccan rijiya kamar yadda ya saba kowace shekara.

"Bawana, tubka mini sabuwa kahin in tahi. Kamar kullum, gaba takwas."

"Barka dai, ɓarawon nono," in ji Gado, ba tare da dariya ba. Ya ɗauki kaba, sai hannunsa ya tsaya. "Mi ka ce? Kamar kullum?"

"Kunnenka ma ya tsuhwa? Takwas. Bara takwas, bara waccan takwas."

"Ruwanku bai sauka ba?"

"Ina za shi?"

"Tabkin da ke kusa da rijiyarku, shina nan?"

"Shina nan mana. Mu ba mu da wayon da za mu kore ruwa da kiɗi."

Gado ya daɗe yana kallon igiyar da ke cinyarsa. Sama ɗaya ce ke zuba musu, tsakaninsu tafiyar hantsi ce kawai. Ya miƙe, ya shiga zaure, ya fara sauke igiyoyi, ƙura da kashin ɓera suna zubo masa a ka. Hasiya ta leƙo ta ga abin da ta shekara talatin tana roƙo, ta ce Allah ya sa ba ciwo ba ne.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci, jama'a suna zaune a ƙofar maigari, Mahmuda ma ya zo kan maganar tashin gari. Sai ga Gado da Buba suna jan tarin tsofaffin igiyoyi kamar masu kai kaya kasuwa. Aka fara dariya. Gado bai kula ba. Ya ja layi a ƙasa da ƙafarsa, ya kafa turaku, ya ɗaura bakin kowace igiya a kan layin, Buba yana miƙe su ɗaya bayan ɗaya, yana korar awakin da suka zo ɗanɗanawa. Igiyoyin Hasiya ne na shekara goma sha biyu. Tara na farko suka tsaya kai ɗaya, bambancinsu bai wuce taƙi ba. Ta goma ta zarce su da gaba guda, ta sha ɗaya ta zarce ta, ta sha biyu ta yi gaba abinta har gindin dabino. A gefe kuma ya shimfiɗa na Buba guda biyar, duk tsawonsu ɗaya.

Dariya ta ɗauke. Babu wanda ya je lakwal, wato makarantar boko, a wurin sai Mahmuda, amma babu wanda bai karanta abin da ke ƙasa ba.

"Ranka shi daɗe," in ji Gado, "wagga ta tara, ita na tubka shekarar da munka haƙe tabki. Waɗanga ukku, bayanta. Na Buba kuwa, tabkinsu na nan. Ni dai abin da na gani, tabkin nan shi ka shayar da rijiya. Ruwa na kwana cikinai wata biyar, shina nutsewa sannu sannu, shina bi ta ƙasa har shi iske gugarmu. Mu munka sallame shi tun bai zamna ba."

Wani dattijo ya ce shi dai har yanzu doguwa yake zargi. Gado ya juya da ladabi.

"Baba, ban musa ba. In ma ita ta, gidanta munka rushe. A mayar mata."

Mahmuda ya ciro ma'auninsa daga jaka, ya durƙusa cikin ƙura da farin wandonsa, ya auna igiyoyin ɗaya ɗaya yana rubutawa. Da ya gama sai ya zauna a ƙasa gaban Gado, abin da ba a saba gani ga ma'aikaci ba.

"Baba Gado, a lakwal an koya muna tahiyar ruwa. Rana na ɗaukar shi daga teku kamar tururin tukunya, shi zama girgije, iska ta koro shi, shi zubo, shi bi gulbi shi koma teku. An ce muna ruwan duniya kusan duka na gishiri na, wanda ake sha ɗan kaɗan na, kuma mafi yawan wanda mutane ka samu cikin ƙasa shi ke ɓoye. Na hardace, har na ci jarrabawa. Amma ban taɓa tambayar ta wace ƙohwa shi ka shiga ƙasar ba."

"To, Mushe," in ji Gado, yana kiransa yadda ake kiran ma'aikata da Faransanci, "kai ka san tahiyarshi ta bisa, ni na san ta ƙasa. Da mun zamna tun hwarko da an huta."

Sai Mahmuda ya kawo abin da ke damunsa, kuma gaskiyarsa ce: in tabki ya dawo, kurkunu zai dawo. Nan aka yi cirko-cirko. Hasiya ce ta warware, daga bayan zana inda mata suke saurare.

"A gaya ma maigari, tabki bai taɓa bin kowa gida ba. Mu ka zuwa wurinshi. A kewaye shi da ƙaya, kowa shi sha rijiya, a bar ma shanu mashaya can gefe. Mu mata mun san mai shiga, mu ka tsaron shi. Abin ɗaure shinge kuwa, ga shi nan shimhiɗe, na ba da shi sadaka."

Aka fashe da dariya, har Gado, wanda ya ga tarin shekarunsa zai tafi a shinge. Saura maigari, domin gonar dawarsa ce za ta nutse. Ɗan'azumi ya dubi igiyar da ta kai gindin dabino, ya yi tsaki, ya ce ba a tuƙa tuwon dawa da laka, a toshe.

Aka sake gayya, wannan karon kiɗan bai kai na farko ba. Aka cike hanyar da duwatsu da ƙasa, aka yi shinge. Buba ya kora shanunsa, ya ce in ruwa ya dawo a aika masa, in kuma bai dawo ba a aika masa da Gado ya riƙa yi masa kiwo.

Damina ta sauka, tabki ya cika fal, kwaɗi suka dawo da hayaniyarsu. Rijiya kuwa ko motsi. Sati biyu, sati huɗu, sati shida. Kullum da safe Gado yana bakin rijiya da zarensa, kullum goma sha biyu. Masu wucewa suka samu abin yi: "Baba Gado, ruwan naka ya ɓace hanya ne?" Yakan ce ruwan ƙasa tafiyar tsoho yake yi, a yi masa haƙuri. A baki ke nan. A zuci tsoro ya kama shi sosai. Ya sa maigari ya rasa gona, ya sa an maido da abin da ke kawo cuta, duk a kan shaidar tsofaffin igiyoyi. Hasiya ta ce a kwanakin nan ko fura ba ya gamawa, kuma ita ma ta daina tsokanarsa, abin da ya fi komai tayar masa da hankali.

Ana cikin yankan gero, wata safiya zaren ya jiƙe kafin ya kai inda ya saba. Kamu ɗaya ne kacal, daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Gado bai gaya wa kowa ba sai da ya ga kamu biyu. Bazarar da ta biyo baya guga ba ta taɓa laka ba, maganar tashin gari ta mutu ba tare da an yi mata jana'iza ba. Kurkunu ya kama mutum biyu, kuma mata masu tsaro sun faɗi ranar da kowannensu ya tsallake shinge.

Kaka ta biyu, yana zaune gindin gawo yana tufka, sai Hasiya ta dawo daga rijiya ta sauke tulu, ta jefa masa igiyarta a cinya, jiƙe sharkaf. Gaba goma sha biyu ya sake tufka mata da bazara, don tsoron kada ruwan ya koma gudu.

"Malam, wagga igiya taka ta ishe ni. Tana naɗe mini ƙahwa, yau saura kaɗan in hwaɗi. Yanke ta."

Shekara arba'in mutane suna zuwa wurinsa neman ƙari, ba a taɓa zuwa neman ragi ba. Ya auna da hannunsa, gaba ɗaya, biyu, uku, ya sa wuƙa. Hawaye suna zuba, yana dariya, duk a lokaci guda. Bayan kwana tara aka ji kukan shanu ta bayan gari. Buba ya tsaya a gindin gawo, ya dogara da sandarsa, ya ce ya ji labarin bawansa ya yi abin kirki sau ɗaya a rayuwa, shi ne ya zo ya gani da idonsa.

Gado, kai ne wanda rowar kabarsa ta zama ma'aunin gari. Kai ne ka riƙe abin da kowa ke yarwa har ranar da ya yi magana. Ba ka taɓa cewa ka fi Mahmuda sani ba, kuma ba ka ɓoye cewa da igiyarka aka ja ƙasar tabkin ba. Mahmuda yana Dogon Dutsi yanzu, ya ce in gaya maka duk garin da ya shiga, kafin ya buɗe jakarsa sai ya tambaya wa ke tufka musu igiya. Mai igiyar Angwal Kaba, mun gode. Matan da suka daina zaman jiran laka sun gode, shanun Buba sun gode, shi Buban dai ka san ba zai faɗa ba. Allah ya sa hutun nan ya yi maka daɗi, ya sassauta maka yatsun nan.

Ku kuma masu karatu, musamman ku da kuka fito lakwal da zafin gyara ƙasa, a ci gaba da gyara, muna so. Amma kafin ku kori ruwa daga inda ya saba kwana, ku tambayi wanda ya daɗe yana zura guga a wurin. Wanda kuma Allah ya ba ƙaramar sana'a, ya yi ta da ido buɗe kamar Gado, ya auna daidai, ya tuna abin da ya auna bara.

In hanya ta bi da ku Angwal Kaba, ku sha ruwan rijiyar, gaba tara ne, sannan ku leƙa zauren Gado. Babu tarin igiyoyi yanzu, ɓeraye sun yi ƙaura. Guntuwa ɗaya ce rataye a jikin bango, gaba uku cif. Kada ku kai hannu. Hasiya ce ta rataye ta da kanta, ita ke kakkaɓe mata ƙura kowace Juma'a, kuma ko Gado ba ta yarda ya taɓa ba.